Ƙaramar Jif Ta Hannu: Kafin Ka Biya Kuɗin RAV4 Ko CR-V, Zauna Mu Yi Lissafi

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau za mu ɗan huta da maganar kasafin kuɗin gwamnati, mu dawo kan kasafin aljihunmu. Saƙonni sun yi ta shigowa a kan magana guda: "Na tara 'yan kuɗina, ina son ƙaramar jif ta hannu, RAV4 ko CR-V. Tana da ƙarko? Zan iya riƙe ta?" Ku lura, tambayoyi biyu ne a nan. Yawancinmu ta farko muke yi wa dillali, ta biyun kuma sai mota ta kwana wata uku a ƙofar gida sannan muke yi wa kanmu. Kuɗin sayen mota kamar sadaki ne, sau ɗaya ake biya. Cefane kuwa kullum ne. To yau a kan cefanen za mu fi daɗewa.

WACE IRIN MOTA CE MA TUKUNA?

Mu a nan duk motar da ta ɗan ɗaga daga ƙasa jif muke ce mata. Amma RAV4 da CR-V ba dangin Prado ko Hilux ba ne. Su Prado bodi ne aka ɗora a kan ƙaƙƙarfan shasi na ƙarfe irin na babbar mota. RAV4 kuwa, da ta fara fitowa a 1994, da CR-V da ta biyo ta a 1995, ginin ƙaramar mota aka yi musu, bodi da shasi a haɗe, sai aka ɗaga su aka faɗaɗa ciki. Ita CR-V ma a kan tsarin Civic aka fara gina ta. Kuma da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a titunanmu tayoyin gaba kaɗai ke ja.

Abin da wannan ke nufi shi ne, za ta haye kwazazzaɓon unguwa da ruwan damina fiye da Corolla, domin tsakanin cikinta da ƙasa ya kai kusan santimita 19 a RAV4, Corolla kuwa wajen 15. Amma in ka mayar da ita motar ɗaukar buhunan masara daga ƙauye duk ranar kasuwa, ƙafarta ba za ta daɗe ba.

Za mu tsaya a kan waɗanda suka fi yawa a hannun matasa: RAV4 ƙirar 2006 zuwa 2012, da CR-V ƙirar 2007 zuwa 2011. Gaskiya motoci ne masu ƙarko. Injinansu sarƙa suke amfani da ita maimakon bel ɗin taimin, giyarsu irin ta da ce mai haƙuri, kayan gyaransu kuma akwai su a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja. Sai dai mu tuna, wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 10 da nisa. A wannan shekarun, sunan kamfani ba ya wadatarwa. Shekarar motar, da irin injinta, da hannun da ta bi, su ne magana.

SHEKARA DA INJI

Mu fara da RAV4. Ƙirar 2006 zuwa 2008 mai silinda huɗu tana ɗauke da inji mai lita 2.4, wanda ake kira 2AZ-FE. Shi ne kuma a Camry ta 2007 zuwa 2009 da muke ce wa Masul. Wannan inji ya yi suna wajen shan baƙin mai, saboda matsalar fistin da ringi. Ba zancen gareji ba ne, ita kanta Toyota ta fitar da sanarwa ga masu gyaranta a 2011, daga baya ta ƙara wa'adin garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ma'aunin da ta sa shi ne, in inji ya sha kusan lita ɗaya a mil 1,200, wato kimanin kilomita 1,900, to ya cancanci gyara. Wannan garanti ya ƙare tuntuni. Kai da za ka saye ta yau, in ta fara sha, aljihunka ne garantin.

Daga 2009 zuwa 2012 aka sauya zuwa inji mai lita 2.5, wato 2AR-FE, kuma shi bai yi wannan suna ba. Saboda haka in kuɗinka ya kai, ƙirar 2009 zuwa sama ta fi kwanciyar hankali.

Akwai kuma mai V6, lita 3.5. Wannan kam tana da gudu, ƙarfin doki 269 ne a cikinta, kuma injin yana daɗewa. Amma a duba abu biyu: famfon ruwanta yakan yi yoyo, sannan na farko-farkon suna da wani bututun baƙin mai da aka yi wa gaɓar roba, wanda in ya fashe a kan hanya mai zai tsiyaye cikin mintuna. An fitar da na ƙarfe zalla a madadinsa. Ka sa bakanike ya tabbatar wanne ne a jikinta.

In kuma tsohuwar ce aka kawo maka, ta 2001 zuwa 2003 mai giyar otomatik, sai ka san cewa ƙwaƙwalwarta, abin da makanikai ke ce wa birenbos, tana da wata sananniyar matsala da ke sa giya fizga har ta lalata giyabos ɗin. Mutane da yawa sun sauya giya sau biyu alhali ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa.

CR-V ta 2007 zuwa 2011 injinta mai lita 2.4 ne, K24, kuma yana cikin injinan da aka fi yabo. Nata ciwon a wasu wurare yake. Na ɗaya kwampiresar AC, musamman kulocinta, har Honda ta ƙara wa'adin garanti a kansa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na biyu makullan ƙofa da ke buɗe kansu su rufe kansu. Na uku, mai jan taya huɗu takan yi gurnani a baya in ka karya kwana a hankali, kuma sau da yawa man difarenshal ne ya tsufa, shi kuma nasa na musamman ne, ba kowane man giya ake zuba masa ba. Na huɗu shi ne ya fi haɗari: jakar iska ta kamfanin Takata. Zafi da laima suna lalata sinadarin da ke hura ta, in aka yi karo sai ta fashe da ɓarɓashin ƙarfe a fuskar direba. An yi kiranyen miliyoyin motoci a duniya saboda ita, har da CR-V ta waɗannan shekaru. Wadda aka fito da ita daga Amurka kafin a sauya mata, haka take yawo a nan.

Wani zai ce, to Nissan Rogue fa, ai ta fi araha? Ta fi araha, da dalili. Giyarta CVT ce, ba ta son zafi, har Nissan ta ninka garantin irin wannan giya zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010. Masu iya gyaranta a wajenmu kaɗan ne, yawanci sai dai a sauke a ɗora wata. Araha ba ta ado.

INA TA FITO, ME YA SAME TA?

Yanzu mu bar ƙira, mu koma kan ita wannan motar da ke gabanka. Da yawa daga cikin 'yan Kwatano da tokumbo da ake shigowa da su daga Amurka, a gwanjon kamfanonin inshora aka saye su, irin su Copart da IAA. Mota ba ta zuwa irin wannan wuri haka kawai. Ko ta yi haɗari, ko ambaliya ta shanye ta, ko an sace an gano. Wasu ɗan bugu ne a bamba, an gyara, lafiya lau. Wasu kuwa ruwa ya kai har dashbod, irin waɗannan wayarin ɗinsu ba ya ƙarewa da ciwo, kai da mai rewaya sai kun zama 'yan uwa.

Makaminka a nan lambar shasi ce, VIN, mai harafi da lamba 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka tabbatar biyun sun yi daidai da juna da kuma na takarda. A motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, abu na 10 a jerin shi ke faɗin shekara: 6 na nufin 2006, 9 na nufin 2009, A ita ce 2010, B 2011, C 2012. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin wanda ya sauya wa 2007 fitilu da bamba ya ce maka 2011 ce. Sa lambar a Google ma kawai, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka gan ta yadda take kafin a yi mata kwalliya. Rahoton Carfax kuɗi ake biya, amma ba ya kai kuɗin taya ɗaya. Shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, kyauta yake nuna ko akwai kiranyen da ba a yi wa motar ba, har da na jakar iskar nan.

Sai mita. Motar Amurka da mil take lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. In ka ga 150,000, to ta ci kilomita 240,000. Kuma ana mayar da mita baya, ba ɓoyayyen abu ba ne. Motar da ta shekara 15 aka ce maka mil 60,000 ta yi, amma robar feda ta cinye, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, ai ka san da magana.

Ka leƙa ƙarƙashinta. A jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara da Kanada gishiri ake watsawa a titi, shi kuma yana cin ƙarfe. A 2023 Honda ta yi kiranyen CR-V ta 2007 zuwa 2011 a irin waɗannan jihohi saboda tsatsa a ƙarfen baya. Fenti yana ɓoye sama, ƙasa kuwa ba ta ƙarya. Tun da ka sunkuya, duba ko indomin salansa yana nan, domin ana yanke shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa.

Sai takardun kwastan. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, amma hakan bai hana wasu biyo daji da su ba. Motar da ba a biya mata duti ba, ko aka yi mata takardar bogi, ranar da aka tare ka a hanyar Abuja ba dillali za a kama ba. Ka je ofishin kwastan da kanka a tantance takardar kafin ka tura kuɗi.

YANZU GA CEFANE

Fetur shi ne babba. Tankin RAV4 lita 60 ne, na CR-V 58. A gwajin hukumar muhalli ta Amurka, RAV4 mai inji 2.5 tana yin kilomita 9 da ɗoriya a lita cikin gari, kusan 12 a doguwar hanya. Wannan fa tana sabuwa, a titi mai kyau. Ka ƙara mata shekaru, da go-sulo, da AC a kunne tun safe.

Mu yi misali. Ka ce kana yin kilomita 1,000 a wata, zuwa aiki, kai yara makaranta, zumunci ranar Asabar. Ka ce tana ba ka kilomita 8 a lita. Lita 125 ke nan. In muka sa lita a naira 900, kai kuma ka sa farashin garinku na yau, ya zama naira 112,500 a wata. Corolla da ke ba ka kilomita 11 a lita za ta sha lita 91, wajen naira 82,000. Bambancin ya kai 30,000 duk wata, sama da 360,000 a shekara. Ku tuna mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wato cika tankin nan sau ɗaya ya cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na albashin wani magidanci.

Abin da ya sa nake nanata wannan, yawancin masu ba mu shawarar mota sun yi nasu lissafin ne kafin 29 ga Mayun 2023. A lokacin lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Aka cire tallafi, zuwa Oktoban 2024 ta haura 1,000. Dala kuma daga wajen 460 a farashin hukuma ta haye 1,500 a farkon 2024, kuma duk wani shokozoba da fulogi da filta da dala ake shigo da shi. Shawarar yayanka da ya sayi tasa a 2019 gaskiya ce a zamaninta, amma ƙasar da ya yi lissafin a cikinta ba ita muke ciki ba.

Sai baƙin mai. Injinan nan masu silinda huɗu suna cin lita 4 da 'yan kai, kuma mai marar kauri kamfani ya rubuta musu, irin 5W-20, yana nan a kan murfin. Da ƙurarmu da zafinmu, juye duk kilomita 5,000 shi ne hankali. Man giya ma kowa da nasa: Toyota WS, Honda DW-1. Zuba na gama-gari domin a rage dubu biyar shi ke jawo sayen giyabos.

Taya: yawancinsu 225/65 R17 suke sawa, ta fi ta Corolla tsada sosai. Mai jan taya huɗu kuma tana son tayoyin su zama iri ɗaya, cinyewarsu ta zo kusa da juna. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, misali 2319, wato mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo mai zane raɗau amma ta shekara 8, a kwaltar Maiduguri da rana tsaka, kasada ce da rai.

Ƙafa: shokozoba, bushin, bol-joyin, tayarod. A titunanmu waɗannan kayan cinyewa ne kamar sabulu. Takardu: inshorar wajibi ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023, ga sabunta lasisin mota duk shekara.

Shawarata, kada ka zuba duk abin da ka tara a kan saye. Ka ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari domin watannin farko: juyen duk mayuka, birki, batir, wataƙila taya. In ware wannan zai sa kuɗin su kasa, to motar ce ta fi ƙarfinka a yanzu, kuma ba abin kunya ba ne.

YADDA MUKE KASHE TA DA HANNUNMU

Akwai abubuwa uku da ake yi wa mota ranar da ta iso, wai an mayar da ita 'yar ƙasa. A cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, a zubar da kulan a cika lagireto da ruwan rijiya. Wallahi duk ukun cuta ne. Injin nan an ƙera shi ya yi aiki a wani zafi na musamman. In ka hana shi kaiwa, ƙwaƙwalwar motar za ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta ci gaba da ƙara masa fetur. Ruwan rijiya kuma yana kawo tsatsa da ƙanzo, ya toshe lagireto, ya ci famfon ruwa, ƙarshe gaskit ya ƙone. Motocin nan suna yawo a Arizona da Dubai da tamostat ɗinsu, zafin can kuwa bai gaza namu ba. In mota tana zafi, akwai abin da ya lalace, shi za a nema.

Haka fitilar cek injin. Ba a cire mata ƙwai, ba a liƙe ta da baƙin salatif. A sa na'ura a karanta abin da take faɗa.

RANAR DUBAWA

Ka je da bakanikenka, ba na dillali ba, domin mai jiran la'ada ba zai ga aibi ba. Ka je da safe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo, inji mai sanyi ne ke faɗin gaskiya. In ka murɗa makulli kafin ta tashi, fitilun cek injin da na jakar iska da na ABS dole su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Duba hayaƙi, shuɗi alamar shan baƙin mai ne. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ramin safaya ko ƙasan but ko akwai busasshen laka. Tuƙa ta aƙalla minti 20 da AC a kunne, ka hau babban titi, ka ji yadda giya ke shiga. A sa na'ura. Mai motar da ya hana ka ɗaya daga cikin waɗannan ya riga ya ba ka amsa. Kuma don Allah a daina cinikin biri a sama, a ga hoto a WhatsApp a tura miliyoyi.

TO WA YA KAMATA YA SAYA?

In hanyar unguwarku ko ta garinku ba ta biyuwa da ƙaramar mota, ko kana da iyali da kaya, kuma kuɗin fetur da ajiyar gyara ba za su taɓa kuɗin abinci da na makaranta ba, RAV4 ta 2009 zuwa 2012 mai inji 2.5 ko CR-V mai tsaftataccen tarihi za ta yi maka hidima shekaru. In kuwa daga kwalta zuwa kwalta kake, kai kaɗai, abin da ke jan ka kawai a gan ka a sama ranar ɗaurin aure, to Corolla za ta kai ka inda jif za ta kai ka, canjin kuma ya zama jari.

'Yan uwana matasa, maza da mata, na san matsin da ake ciki. Motar haya ta yi tsada, babu tsayayyen tsarin bas a yawancin garuruwanmu, wannan kuma haƙƙi ne da za mu ci gaba da nema a wajen waɗanda muka zaɓa. Amma kafin a samu, kada mu ci bashin banki ko mu sayar da filin gado domin motar da za ta zauna a ƙarƙashin tamfol saboda babu kuɗin mai. Ka ɗauki biro da takarda yau, ka rubuta kilomita nawa kake yi a wata, ka raba da 8, ka ninka da farashin lita, ka ɗora kuɗin sabis da na takardu. Abin da ya fito, ka ajiye shi kusa da abin da kake samu, sannan ka yanke shawara.

Masu RAV4 da CR-V a cikinku, ku faɗa mana a ƙasa: ƙirar wace shekara ce, lita nawa kuke sha a mako, kuma wane gyara ne ya fi cin kuɗinku? Makanikai ma muna son jin ta bakinku. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin saye.

Allah Ya ba mu abin hawa mai albarka, Ya tsare mu a hanya, Ya hore mana abin riƙewa. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.